Na sauya wa kwamfutar shagona RAM sai ta koma jan ƙafa

Kwamfutar da nake cin abinci da ita HP EliteDesk 800 G1 ce, 'yar hannu, mai farosesa Core i5-4570. A kanta nake buga takardun ɗalibai, in cike musu fom a intanet, in zana katin ɗaurin aure da na suna a CorelDRAW. Tun da na saye ta RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe aikin da ake kan yi, 4GB ne, guda biyu masu 2GB kowanne. Tana aiki daidai gwargwado, sai dai in na buɗe Chrome da CorelDRAW tare, kuma ga mutum tsaye yana jiran a fitar masa da takarda, nan take fara nishi. Shi ya sa da lokacin bukukuwa ya matso na ɗauke ta na kai wani shago a nan Kano, na ce a ƙara mata ƙarfi.

Yaron shagon ya ɗauko RAM guda ɗaya mai 8GB, shi ma na hannu. Ya buɗe kwamfutar, ya zare ƙananan nan biyu, ya saka babban. Na tambaye shi me ya sa ba zai bar su duka ba, tunda gurbi huɗu ne a ciki. Ya ce, "Oga, ba za su shirya ba, wannan shi kaɗai ya ninka su." Ya kunna, ya nuna mini inda aka rubuta 8GB, na biya na tafi da tsofaffin a aljihu.

Washegari na ga abin da ban taɓa gani a kwamfutar ba. Kibiyar linzami tana tsalle-tsalle maimakon ta tafi sumul. In na ja hoto a CorelDRAW sai ya biyo hannuna daga baya. Bidiyo a YouTube yana ƙamewa yana saki. Cunkoson da na je a magance kuwa yana nan yadda yake, da na buɗe shafuka biyar sai ta tsaya cak. Raina ya ɓaci sosai, domin kuɗin da na kashe ba daga rara na ɗauko shi ba, kuma akwai katunan mutane uku da na yi alkawarin bayarwa a makon.

Zargina na farko shi ne an sayar mini da RAM mai lahani. Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ya zo da yamma, ya ce, "Kawu, kada mu ɗora wa kaya laifi sai mun gwada shi." Ya saka MemTest86 a filash, muka tayar da kwamfutar daga kansa. Wannan manhaja tana rubuta bayanai a kowane lungu na RAM ta sake karantawa, in abin da ta rubuta ya canza sai ta nuna kuskure. Zagaye huɗu take yi, kuma tana cin sa'o'i. A tsakiyar zagaye na biyu aka ɗauke wuta, dole muka sake daga farko da janareta. Ta gama ba kuskure ko ɗaya. Ke nan RAM ɗin lafiyarsa ƙalau, kuma dole in faɗi wannan don adalci ga wanda ya sayar mini.

Daga nan muka buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna yadda kwamfuta take aiki, ɓangaren Performance, muka danna Memory. A sama an rubuta 8GB, amma a ƙasa, a layin Hardware reserved, an killace fiye da rabi. Windows ba ta taɓa wannan kason sam. Dalilin yana ɓoye a msconfig, wurin saita yadda Windows take tashi, cikin Boot, ƙarƙashin Advanced options. Akwai wani ɗan akwati mai suna Maximum memory, wani ya taɓa yi masa alama ya rubuta 4096, wato 4GB. Ina kyautata zaton wani mai gyara ne tun kafin kwamfutar ta zo hannuna, don akwai masu ganin cewa yin hakan yana ƙara gudu. Ba ya ƙarawa. Iyaka yake sakawa, yana gaya wa Windows kada ta wuce nan. Lokacin da RAM ɗina yake 4GB ban ji ciwon abin ba sosai, amma da aka saka 8GB sai ya zama na sayi ɗaki biyu an kulle mini ɗaya. Muka cire alamar, muka sake kunnawa, kusan duka 8GB ya bayyana, ban da ɗan abin da ɓangaren hoto yake riƙewa.

Wannan ya magance tsayawar da take yi in shafuka sun yi yawa. Amma nauyin hoto bai tafi ba, kuma nan ne na koyi abin da ya fi komai amfani a wannan lamari.

Kwamfutar nan ba ta da katin hoto na daban. Intel HD 4600 da ke cikin farosesa shi yake zana duk abin da ke kan allo, kuma ba shi da ma'ajiya tasa, daga RAM yake ara. Farosesar tana da hanyoyi biyu na isa ga RAM. In an saka guda biyu a guraben da suka dace, hanyoyin biyu suna aiki lokaci guda. In guda ɗaya ne, komai girmansa, hanya ɗaya ce kawai a buɗe, kowa sai ya bi layi. Muka sauke CPU-Z, wata ƙaramar manhaja ta kyauta, a shafin Memory ta rubuta Single a gaban Channel. A ƙasa kuma ta nuna kusan 665 MHz, wanda in ka ninka biyu shi ne 1333. Na fito da tsofaffin daga aljihun tebur na duba takardar jikinsu, an rubuta PC3-12800. Na sabon kuma PC3-10600. Lambar nan ita ce yawan megabait da RAM yake iya wucewa da shi a daƙiƙa ɗaya. Tsofaffin nawa masu gudun 1600 ne, kowanne 12.8GB a daƙiƙa, su biyu a hanya biyu 25.6GB. Sabon mai 1333 ne, shi kaɗai, kusan 10.6GB. Ashe an ƙara mini girman rumbu ne aka rage faɗin ƙofarsa zuwa ƙasa da rabi. Wanda aikinsa rubutu ne kawai a Word ƙila ba zai lura ba, amma mai zane a kwamfutar da ba ta da katin hoto zai ji a hannunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk wannan yana rubuce a jikin kayan. Da yaron ya ɗora tsohon da sabon kusa da juna zai ga bambancin lambar. Maganarsa cewa ba za su shirya ba ma ba ta cika gaskiya ba, domin DDR3, wato irin RAM ɗin kwamfutar nan, mai 1600 da mai 1333 galibi suna zama tare, sai dai duka su sauko zuwa gudun mai ƙasa. Mun gwada haka da daddare, muka mayar da ƙananan biyu tare da babban, ta tashi da 12GB kuma nauyin ya ragu. Na so in bar ta haka, amma na fi son abu iri ɗaya a kwamfutar da ba na son ta ba ni mamaki a gaban kwastoma.

Na koma shagon na samu mai shagon da kansa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya duba lambobin, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, kuskuren daga wajenmu ne." Ya karɓi mai 8GB ɗin ya ba ni guda biyu masu 4GB, PC3-12800, kamfani ɗaya, na yi ɗan ciko. Wannan karon ni na saka da hannuna a gida. Na zare wayar wuta, na danna makunnin na ɗan riƙe don ragowar wuta ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin kafin in taɓa RAM ɗin, na hure ƙurar da ta taru a guraben, na saka su a gurbi biyu masu launi iri ɗaya, na danna har maƙallan gefe suka rufe da kansu. CPU-Z ta rubuta Dual, da kusan 798 MHz. Kibiya ta daina tsalle, hoto ya koma bin hannu.

Hukuncina a kan RAM na hannu shi ne yana da kyau a saya, musamman ga tsohuwar kwamfuta mai DDR3, in dai an gwada shi kuma lambarsa ta yi daidai da wanda ake da shi. Kayan da aka ba ni ba su cuce ni ba. Saka su ba tare da dubawa ba shi ya ci mini kwana huɗu na aiki. Mai shagon ya kyauta da ya karɓi kayansa ba gardama, kuma zan sake komawa wajensa, amma da filash ɗina mai CPU-Z a aljihu, in duba a gabansa kafin in biya.

Akwai sauran nauyi da RAM bai taɓa ba. Da safe in na kunna ta, Task Manager yana nuna faifan ajiya a kan kashi 100 na wasu mintuna, domin har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki. SSD, ma'ajiya marar juyawa mai sauri, ne maganin wannan, kuma shi nake tara wa kuɗi yanzu. Katunan nan uku dai na kammala su ranar Alhamis, masu bikin suka karɓa kafin la'asar.