Akwatin Soket ko Jerin Sifana: Wanne Za a Fara Saya?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ce yana son ya riƙa yi wa motarsa ƙananan ayyuka a gida, juyen baƙin mai, canza fulogi da duba birki, amma ba zai iya haɗa kayan aiki a lokaci guda ba. Soket zai fara saya ko sifana?

Malam, fara da soket. Bambancin yana wajen kamu. Buɗaɗɗen bakin sifana gefe biyu kawai yake riƙewa cikin shida na noti, shi ya sa idan noti ya yi tsatsa ka matsa da ƙarfi sai bakin ya ɗan buɗe, ya zame, ya cinye kusurwoyin. Daga nan aikin minti biyar ya koma na wuni. Soket kuwa hula yake yi wa noti, ya rungume shi ta ko'ina. A nan ma akwai zaɓi: ɗauki mai kusurwa 6, domin mai 12 ya fi saurin shiga amma a ƙarshen kusurwa yake cizo, nan ne kuma noti yake fara lalacewa.

Akwatin mai hannun 3/8 na inci, wato girman kan hannun da ake ɗora soket a kai, shi ya fi dacewa da yawancin aikin inji. Na 1/4 na ƙananan notuna ne, na 1/2 na taya da ƙafafun mota. Duba lambobin soket, wato girmansu a milimita, kafin ka biya. Toyota da Honda sun fi amfani da 8, 10, 12, 14, 17 da 19, motocin Jamus kuma za su nemi 13, 16 da 18, waɗanda wasu akwatunan ke tsallakewa. Fulogi yana zaune can cikin rami, sifana ba ta kai masa ko kusa, sai dogon soket, galibi 16, mai roba a ciki da ke riƙo shi. Racet, wato hannun da ke juya soket ba sai an cire shi daga noti ba, idan mai haƙora 72 ne motsin digiri 5 ya ishe shi, to ko wuri ya matse zai yi aiki.

Kada dai a zura wa racet bututu don ƙarin ƙarfi. Haƙoran cikinsa ne ke karyewa. Noti mai taurin kai da doguwar sandar soket ake fara karya shi.

Ina sifana ta fi? Duk inda bututu ko waya ta ratsa noti, soket ba shi da ta inda zai shiga. Haka idan kana kwance bolti notinsa na juyawa ta baya, dole a sa sifana ta riƙe. Don haka sayi ƙwaya uku ko huɗu, 10, 12, 14 da 17, masu zobe a gefe ɗaya, sauran su jira. Notin bututun birki kuwa ƙarfensa laushi gare shi, akwai sifana tasa mai tsagaggen zobe, ita kaɗai za ka sa masa. Ita ma sifana jawo ta ake yi, ba turawa ba, saboda yatsu.

Illar soket ɗaya ce, yana ba hannu ƙarfin da ya wuce kima. Ƙarfin ɗaurin boltin juyen mai bai fi Nm 40 ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) a yawancin ƙananan motoci, kuma idan kwanon man da boltin ke ciki na alminiyam ne, ƙarin matsa kaɗan sai zaren ya tafi. Notin tayar Corolla Nm 103 ne. Fulogi da yatsu ake fara ɗaura shi, sai ya zauna sannan racet ya taɓa shi. Wannan ya sa sayayyarka ta gaba ta zama sifana mai awon ƙarfi, ka kuma riƙa duba lambar a littafin motarka.