Sharhi kan manhajar Zoom: yadda take tafiyar da taron aiki a Jihar Kebbi

Ƙungiyar da nake yi wa aikin sakatare ta haɗa ƙananan ƙungiyoyin manoman shinkafa ne. Ofishinta yana Birnin Kebbi, amma wakilanta suna warwatse tun daga Argungu da Suru da Bagudo har zuwa Yauri da Zuru. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin motar da ake biyan wakilai domin halartar taron wata-wata ya fi ƙarfin asusunmu, ga kuma fargabar hanya da 'yan'uwanmu na yankin Zuru suke fama da ita, shi ya sa kwamitin gudanarwa ya amince a mayar da taron kan Zoom, manhajar yin taro da murya da bidiyo ta intanet, a bar haɗuwar ido da ido sai idan wani babban al'amari ya taso. Sharhin nan ya shafi tsarinta na kyauta ne, domin shi muke amfani da shi.

Eric Yuan ne ya kafa kamfanin Zoom a Amurka a 2011, aka fitar da manhajar a 2013, amma yawancinmu ba mu san da ita ba sai a 2020, lokacin da annobar korona ta rufe ofisoshi, har Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta intanet a watan Mayun wannan shekarar. Tsarin kyauta yana ɗaukar mutum 100 a taro ɗaya, kuma yana yanke taron da zarar an cika minti 40.

Shiga taro ba shi da wahala, kuma wannan ne ya fara jawo hankalina gare ta. Mai kiran taro kaɗai ke buƙatar yin rajista. Sauran kuwa sauke manhajar za su yi a waya, su latsa adireshin da aka tura musu ta WhatsApp, sai ga su a ciki. Akwai kuma ɗakin jira, inda kowa zai tsaya har sai mai kiran taro ya ba shi izinin shiga, tsarin da kamfanin ya ƙarfafa a 2020 bayan da baƙi suka riƙa kutsawa cikin tarukan mutane. Abin da ya kamata sakatare ya kula da shi a nan shi ne sunaye, domin wanda bai rubuta sunansa ba yakan bayyana da sunan samfurin wayarsa, kuma ba a iya ɗaukar jerin mahalarta da irin waɗannan sunaye. Saboda haka nakan roƙi kowa tun a saƙon gayyata ya rubuta sunansa da na reshensa.

Iyakar minti 40 ita ce abin da mutane suka fi kuka da shi, ni kuwa a wurina ita ce mafi alherin abin da ke cikin manhajar. Duk wanda ya saba da tarukanmu ya san yadda suke tafiya: a sa ƙarfe goma, a fara sha ɗaya da rabi, a yi addu'a, a gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, kowane mai magana ya fara da jinjina wa shugaba da mataimakinsa da dattawa, sannan ya maimaita abin da na gabansa ya faɗa kafin ya ce yana goyon baya. Kafin a iso ga batun rabon taki ko bashin iri, an kira Azahar, rabin mutane sun tashi, sai a yanke muhimmiyar shawara a gurguje. Babu shugaban da ke son ya katse dattijo yana tsakiyar magana, kuma babu sakataren da zai yi ƙarfin halin nuna wa shugaba agogo. Manhajar kuwa ba ta jin nauyin kowa. Idan lokaci ya kusa cika sai ta nuna gargaɗi a fuskar waya, idan ya cika kuma ta rufe taron, ko wane ne yake magana.

Wannan ya tilasta mana gyara abubuwan da aka daɗe ana faɗa ba a aikatawa. Yanzu ajanda tana fita kwana biyu kafin taro, ba ta wuce batutuwa uku, kuma a gaban kowane batu ana rubuta wanda zai gabatar da shi da kuma abin da ake son a yanke a kansa. Rahoton ma'aji ana tura shi tare da ajandar domin kowa ya karanta a gida, a zo taro da tambaya kawai. Batu mafi nauyi shi ake sa wa a farko. Gaisuwa ba a daina ta ba, domin ba tarbiyyarmu ba ce a faɗa wa mutane da magana ba sallama, sai dai ta koma cikin zauren WhatsApp tun da safe, shugaba kuma ya yi gaisuwa ɗaya a madadin kowa bayan addu'ar buɗewa. Gaskiya ne ana iya sake shiga da adireshin nan bayan an yanke, amma ina ba da shawarar kada a mayar da hakan al'ada, domin da zarar mutane sun gane akwai zagaye na biyu, tsohon halin zai dawo.

Abu na biyu da ya canza yanayin taronmu shi ne alamar ɗaga hannu, haɗe da ikon da mai kiran taro yake da shi na rufe makirfon kowa. A zauren taro, mai babbar murya da mai yawan shekaru su ne ke cinye lokaci, matashin malamin gona ko wakiliyar ƙungiyar mata masu turara shinkafa kuwa sukan koma gida da maganarsu a ciki. A Zoom ana jera waɗanda suka ɗaga hannu bisa wanda ya riga wani, don haka shugaba yana iya cewa, "Hajiya, ke ce a gaba, bismillah," ba tare da wani dattijo ya ga an tsallake shi ba. Na lura cewa bayanan da suka fi amfani game da farashin shanshera da matsalar ruwa a fadama daga bakin irin waɗannan mutane suke fitowa. Sai dai wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya: shugaba ya ja ragamar magana, wani kuma ya riƙe buɗe makirfo da shigar da waɗanda suka makara.

Inda manhajar take da nauyi a kanmu shi ne data da sabis. Hoton bidiyo yana cin data sosai, kuma a garuruwan da sabis ba shi da ƙarfi murya takan riƙa tsinkewa muddin kyamara tana buɗe. Dokar da muka kafa ita ce kowa ya buɗe kyamara a farkon taro domin a ga juna, sannan a rufe, a ci gaba da murya kaɗai. Ƙungiya tana tura wa kowane wakili ɗan kuɗin data, wanda bai kai ko kusa da kuɗin motar da ake biya a da ba, ana kuma tuna masa ya yi cajin wayarsa tun dare. Nuna takarda a fuskar waya yana da amfani, domin gani ya kori ji, amma jadawalin lissafi mai ƙananan lambobi ba ya karantuwa a ƙaramar waya, shi ya sa tura shi tun kafin taro ya fi.

Game da naɗar taro, tsarin kyauta yana ba da damar adanawa a kwamfuta, ajiya a rumbun kamfanin kuwa sai ga mai biyan kuɗi. Ban ga wannan ya maye gurbin rubutaccen bayanin taro ba. Ba wanda zai zauna ya saurari naɗin minti 40 domin ya gano wa aka ɗora wa alhakin zuwa banki. Abin da ke sa taro ya haifar da aiki shi ne minti biyar na ƙarshe, lokacin da sakatare zai karanto abin da aka yanke, da sunan wanda zai aiwatar, da ranar da zai kawo rahoto, kowa ya amsa da bakinsa, sannan a tura wannan a rubuce kafin Magariba. Ya kamata kuma a sanar da mahalarta kafin a fara naɗa, ko da yake manhajar da kanta tana nuna musu alama.

Babu Hausa cikin harsunan da aka rubuta maɓallan manhajar da su, don haka wakilin da ba ya karanta Turanci yana buƙatar a zauna da shi sau ɗaya a nuna masa alamomin makirfo da kyamara da ɗaga hannu. Google Meet, wata manhajar taro irin Zoom, tana ba da awa ɗaya a tsarinta na kyauta, kiran WhatsApp kuma yana ɗaukar mutum 32, don haka ƙaramin ofis mai mutum biyar ko shida ba lallai ne ya buƙaci Zoom ba. Tsarin biyan kuɗi yana cire iyakar minti 40, amma da dala ake lissafinsa duk wata, kuma ban ba kwamitinmu shawarar saye ba.

Akwai tarukan da ban yarda a yi su a kan Zoom ba. Zaɓen shugabanni, da sasanta rassa biyu da suka samu saɓani kan rabon kaya, da tuhumar wanda ake zargi da taɓa kuɗin ƙungiya, duk suna buƙatar a zauna wuri ɗaya, a ga fuskar juna, a ba dattawa lokacin da suke buƙata. Irin waɗannan mun ware musu babban taron da ake yi a Birnin Kebbi bayan girbin damina, inda ake biyan kuɗin mota kamar yadda aka saba.