Sharhi kan Tomcat 10.1 bayan mun baro WildFly

Manhajar rajistar ɗalibai da nake kula da ita ce muka ɗauke daga WildFly muka ɗora a kan Tomcat 10.1 (dukansu sabobi ne da ake ɗora manhajojin yanar gizo na Java a kansu), saboda sabar da muke haya ƙwaƙwalwarta kaɗan ce. Ta wannan fuskar na gamsu ƙwarai. Tomcat ba ta da nauyi, tana tashi da wuri, kuma wanda ya buɗe server.xml, fayil ɗin saitunanta, zai gane abin da ke ciki ba tare da wahala ba.

Sai dai ita ba cikakkiyar sabar Jakarta EE ba ce, wato ba ta zuwa da duk kayan aikin da ƙa'idojin Java na manyan manhajoji suka tanada. Kayan ɓangaren yanar gizo, su Servlet da JSP da WebSocket, take bayarwa. Su Hibernate (mai haɗa manhaja da rumbun bayanai) da CDI (mai haɗa sassan manhaja da juna) da WildFly ke zuwa da su, a nan kai za ka zuba su cikin WEB-INF/lib, folda ta laburaren manhajar, in ba haka ba manhajar ba za ta ko motsa ba. Ga kuma batun suna: daga Tomcat 10 an sauya javax.servlet zuwa jakarta.servlet. Manhajar sauya sunaye da Apache ta fitar ta burge ni a nan. Ka ajiye tsohon fayil ɗin WAR, wato ƙunshin manhajarka, a cikin folda ta webapps-javaee, ita za ta juya shi, kuma ba ta taɓa su javax.sql da ke cikin Java kanta. Ita Tomcat 10.1, Java 11 ko sama da haka take bukata.

Abin da na fi so mai shirin ƙaura ya riƙe shi ne yadda Tomcat take yi idan manhaja ta kasa tashi. Tomcat ba ta mutuwa. Tana ci gaba da amsawa a tashar 8080, ɗalibi kuwa 404 yake gani. A catalina.out, fayil ɗin da Tomcat ke rubuta rahotonta, layi biyu kawai za ka tarar, cewa wani listener (sashen da ke fara aiki yayin tashin manhaja) ya gaza. Ainihin dalilin yana can cikin fayil ɗin rahoto mai suna localhost da kwanan watan ranar, don haka shi nake fara buɗewa.

Na kuma mayar da saitin failCtxIfServletStartFails zuwa true, domin idan servlet (sashen da ke amsa buƙatun masu shiga) ɗin da ake lodawa tun farko ya faɗi, manhajar duka ta tsaya maimakon ta riƙa aiki rabi da rabi. Na'urar sa ido ma mun nuna mata shafin shiga na manhajar, ba tashar kaɗai ba.

Ga ƙaramar manhaja irin tamu, ina ba da shawarar Tomcat ba tare da shakka ba. Wanda ya dogara sosai da EJB da JMS kuwa, sassan Jakarta EE da Tomcat ba ta zuwa da su, gara ya duba TomEE (Tomcat da aka ƙara wa irin waɗannan sassa) ko ya zauna a kan WildFly ɗinsa.