Sansanin bakin teku a Ada Foah: abin da iyalinmu suka tarar

Duk mai son kai iyali su kwana a bakin teku a ƙasar Gana, sunayen da za a fara ambata masa su ne Kokrobite, Busua da Ada Foah. Mu Ada muka zaɓa, kuma dalilin ɗaya ne: a nan ne Kogin Volta yake shiga teku, don haka akwai wani siririn tudun yashi da ke da ruwa biyu, teku a kudu, kogi a bayansa. Ga mai yara ƙanana wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tekun gaɓar Gana yana da ja ta ƙasa. Igiya za ta bugo ka ta gaba, tana komawa kuma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta tafi da shi. Babban mutum ma sai ya dage, balle ɗan shekara biyar. Ɓangaren kogi kuwa ruwan kwance yake, yaro zai zauna a ciki ya yi ta facal-facal kana kallonsa daga inuwa.

Zuwa ba wuya. Daga Akra wajen kilomita 100 ne, a bi ta Tema a hau hanyar Aflao, a karya dama a mararrabar Kasseh. Akwai motocin haya, amma da kaya da tsohuwa da yara gara a ɗauki shata. Inda aikin yake shi ne bayan an isa garin, domin sansanonin da ke kan tudun yashin nan sai da kwale-kwale mai inji. Sansanin da muka kama ya turo nasa jirgin kamar yadda muka yi alkawari a waya, ban da abin cewa a nan. Sai dai rigunan kariya daga nutsewa da ke cikinsa duk na manya ne, kuma ba su ma kai yawanmu ba. Na ce ba inda za mu sai an kawo. Matuƙin ya yi ta gunaguni, ya je ya aro a jirgin maƙwabcinsa. Wannan tambayar a yi ta tun ana gida, kafin a tura kuɗin kafin alƙalami ta waya.

Wurin kwana iri biyu suke bayarwa: bukkokin ganyen kwakwa masu daɓen yashi da gado da gidan sauro, ko kuma fili a ƙarƙashin itatuwan kwakwa ka kafa tantinka. Mun kama bukka ɗaya wa surukata Hajiya da 'yan mata, mu da samarin muka kafa tanti a kusa. Bukkar ta fi tantin nesa ba kusa ba. Iska na ratsa ganyen, da rana tsaka ma ana iya kwanciya a ciki, tanti kuwa daga hantsi ya zama tanderu. Ga turakun ƙarfen da ake sayar da tanti da su ba sa kama yashi, iskar yamma na tasowa suka fara zarewa, sai da wani ma'aikacin wurin ya kawo buhuna ya cika da yashi muka ɗaure igiyoyin a jiki. Shi ne kuma ya ɗaga kai ya nuna wa maigidana kwakwar da ke rataye daidai saman inda ya fara shimfiɗa tantin, ya ce a matsa. Ya kuma nuna mana layin ciyayi da tarkace da ruwa ke bari a kan yashi idan teku ya cika, wanda yakan yi sau biyu a kwana ɗaya, ya ce kada a kafa komai ƙasa da nan.

To, banɗaki. A nan ne nake ganin ya kamata mai iyali ya yanke shawara, ba a hoton faɗuwar rana ba. Nasu masai ne na rami a can bayan fili, a share yake, ba ƙazanta, amma da nisa, kuma ba fitila a hanya. Da rana babu damuwa. Da dare, yarinya ta tashe ka tana son fita, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa ta taka yashi mai zurfi a cikin duhu, nan ake sanin an zo daji. Wurin wanka kewaye ne na zana, babu rufi, ƙofarsa labule. Sai da na tsaya gadi duk sanda 'yan matan suka shiga. Ruwan wanka a bokiti ake kawowa, kuma da ɗan gishiri-gishiri a cikinsa, sabulu ba ya kumfa sosai. Ruwan sha kuwa duk daga gari ake tsallako da shi, saboda haka ya fi na kanti tsada. Mun zo da ledojin ruwanmu da buta biyu, kuma butar nan ta yi mana rana, don ba wanda ya tanadar mana ita.

Sallah ba ta ba mu wahala ba. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, alƙibla kuma gabas ce maso arewa, wato teku yana hannunka na dama. Masallaci dai babu a kan tudun, wanda Juma'a ta riske shi sai ya tsallaka gari.

Abinci ya burge ni fiye da yadda na zata. Kifi ne ɗanye daga hannun masunta, a gasa a kawo da banku, wato tuwon masara da rogo mai ɗan tsami, ko shinkafa da yaji, ga ƙaguwa ga jatan lande. Nama ne ban ci ba, tunda ban san yankan wa ba ne, kuma da kifi irin wannan ban ga asarar da na yi ba. Matsalar kicin ɗin ita ce nawa. Ka yi oda da azahar, sai la'asar ta kawo jiki, yara kuma ba su san haƙuri da yunwa ba. Da na nemi a bar ni in ɗora tukunya, matar da ke kula da girki ta ba ni murhun gawayi ba musu, muka riƙa yin shayi da ƙwai da safe, taliya da yamma. Wannan karamcin nata ya rufe laifuffuka da dama a wurina. A tuna kuma masuntan gaɓar Gana ba sa fita teku ran Talata, al'ada ce tsohuwa, don haka kifin ranar na jiya ne ko na kogi.

Abin da ya ɓata min rai da gaske shi ne daren Asabar. Jirage suka yi ta sauke matasa daga Akra, aka tada janareta, aka kunna kiɗa, ga giya ga shigar da ba ta dace da idon yara ba, har tsakar dare ta wuce. Hajiya ta kira ni ta ce, "'Yar nan, wannan shi ne hutun?" Ban da amsa. Ba zan ce masu wurin sun yi ha'inci ba, kasuwarsu ke nan, amma da na tambaya a waya ko wurin ya dace da iyali, eh kawai aka ce min. Litinin na yi, wurin ya koma shiru, sai mu da masunta da tsuntsaye. Mai iyali ya zo tsakiyar mako. Ya kuma kauce wa Ista, da ƙarshen Disamba, da makon farko na Agusta lokacin bikin Asafotufiami na mutanen Ada, in dai ba bikin ya zo kallo ba, don ana harba bindigogin gargajiya kuma gari cika yake yi maƙil.

Game da wankan kogi akwai abu biyu. Kada a bar yara su matsa kusa da ainihin bakin da kogin ke faɗawa teku, musamman lokacin da ruwa ke janyewa, wurin yana da gudu mai ƙarfi ko da samansa ya yi luf. Na biyu tsargiya. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 cutar ta yaɗu a ƙauyukan Volta, saboda dodon koɗin da ke ɗauke da ita ya samu ruwa mai sanyin gudu da ciyawa. Ba ya son gishiri, shi ya sa na fi natsuwa da wajen da ruwan teku ke gaurayawa da na kogi, na hana su shiga can sama inda ciyawa take. Duk da haka, yaron da ya dawo gida aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti a faɗa musu inda ya yi wanka.

Madatsar nan kuma tana cikin abin da ya rage yashin da kogi ke kawowa gaɓa, teku ya yi ta cin ƙasa. Ganuwar Kongenstein da Turawan Denmak suka gina a 1783 ruwa ya lashe mafi yawanta. Ana ganin tarin duwatsun da aka jera don tare igiya. Yara sun fi jin daɗin labarin kunkurun teku, waɗanda ke fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai a wannan gaɓar daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu. Yankin tafkin Songor da ake haƙar gishiri, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake karewa a 2011, yana nan yamma da garin. Yawancin lokacin ƙwan kunkurun nan ya haɗu da rani, ruwan sama ya ɗauke, shi ne zan ba da shawara.

Za mu koma, in Allah Ya yarda, amma bukka biyu za mu kama, mu bar tanti a gida, mu riƙo cocila da maganin sauro da rigunan ruwa na yara. Hajiya kuwa ta riga ta faɗa: ita masauki mai banɗaki a ciki za a kama mata a gari, a riƙa tsallako da ita da safe.