Player's Handbook na 2014 ko na 2024: amsar wanda ya tambaya wanne zai saya

Ɗan'uwa na 2024 za ka saya, tunda ka ce kuɗin guda ɗaya gare ka kuma yanzu za ka fara haɗa jarumi. Duka biyun ina da su a gida, kuma duk Dungeons & Dragons bugu na biyar ne, littafin dokokin 'yan wasa na wasan labarin nan da ake bugawa a tebur da dayis irin na lido, kamfanin Wizards of the Coast ne ya fitar, sunansu ma ɗaya sak, shi ya sa mutane ke ruɗewa. Amma in ka zauna haɗa jarumi da su sai kaga hanya ta rabu tun daga matakin farko.

Babban abin da ya canza shi ne inda ƙarin maki yake fitowa. Ka san jarumi yana da maki shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, ƙwaƙwalwa, hikima da kwarjini, kana raba musu 15, 14, 13, 12, 10, 8 in ba ka son jefa dayis. To a na 2014 jinsinka, wato irin halittar jaruminka, shi ke ƙara maka, wadan dutse ya samu biyu a ƙarfi biyu a juriya, babban elf biyu a zafin nama ɗaya a ƙwaƙwalwa, don haka in kana son matsafi mai ƙwari kusan dole littafin ya tura ka wajen elf ko nom, in kuma ka nace sai wada to ka fara wasa a baya da sauran. A na 2024 sun cire wannan daga jinsi sun mayar kan asali, wato me jaruminka yake yi kafin ya shiga duniya, soja ne, manomi ne, ɓarawo ne, ɗalibin ilimi ne. Asali 16 ne a ciki, kowanne ya ba ka maki uku da za ka zaɓa a ciki, ko ka sa biyu a ɗaya ɗaya a wani, ko ɗai-ɗai a duka ukun, sannan ya haɗa maka da baiwa guda, wato wata iyawa ta musamman, kyauta tun lebul 1. A tsohon kuwa baiwa ma zaɓi ce, sai mai jan wasa, wato mai ba da labarin yana alƙalanci, ya yarda, kuma yawancin mutane sai lebul 4 suke ɗanɗana ta.

Bari in gaya maka abin da ya sa nake son sabon har raina. Akwai ƙanina da ya daɗe yana zama gefe yana kallonmu, in an ce ya shigo sai ya ce lissafin ya yi masa yawa. Ranar da ya yarda na miƙa masa na 2024 na ce ya bi babi na biyu da kansa, ni da ke jan wasan ina can ina shirya taswira. Yaron nan ya zaɓi mayaƙi, wada, asalinsa manomi, ya ce ai shi labarinsa gonarsu aka ƙone ya ɗau gatari ya fito. Ya sa 15 a ƙarfi ya ƙara biyu ya zama 17, juriya 13 ya ƙara ɗaya ta zama 14, asalin manomi ya ba shi baiwar taurin rai mai ƙara jini (wato yawan bugun da jarumi zai iya ɗauka) biyu a kowane lebul, wadanci ya ƙara ɗaya, sai ga shi da jini 15 a lebul 1, ya fi kowa a teburin. Bai tambaye ni komai ba sai yadda ake rubuta sulke a takarda. Da aka shiga faɗan farko ya sari shugaban 'yan fashi da gatarin yaƙi, ya ɗago ya ce min "Yaya, littafin ya ce sai ya jefa dayis in bai kai 13 ba ya faɗi ƙasa", na jefa wa shugaban bai kai ba, mutumin ya kife, ɓarawon da ke cikin jarumanmu yana kusa, ya samu damar jefa d20 (dayis mai fuska 20) biyu ya ɗau babba ya ƙarasa shi. Wallahi yadda yaron nan ya miƙe tsaye yana murna har yanzu ina jin daɗin tunawa, kuma tun daga ranar shi ke fara tambaya yaushe za a zauna.

Abin da ya yi amfani da shi ɗin nan shi ne ƙwarewar makami, kuma babu shi kwata-kwata a na 2014. Kowane makami yanzu yana da wata dabara tasa, iri takwas ne gaba ɗaya. Gatarin yaƙi yana kayarwa, shi suka rubuta Topple. Babban takobi mai hannu biyu ko ka kuskure sai ka yi ɓarna daidai ƙarin ƙarfinka. Dogon takobi in ya samu mutum sai a harin mutumin na gaba ya jefa d20 biyu ya ɗau ƙarami. Mashin jifa yana rage wa mutum gudu da ƙafa 10. Mayaƙi yana fara wa da makamai uku da ya ƙware a kai, su faladin da ɓarawo da maharbi da babariyan biyu-biyu. A tsohon littafi mayaƙin lebul 1 in layi ya zo kansa abu ɗaya ne, na sara, na samu ko ban samu ba, shikenan a wuce, matsafa na can suna ta zaɓe-zaɓe. Ni a ganina wannan gyaran kaɗai ya isa kuɗin littafin in kai mai son riƙe makami ne.

Sauran bambancin da za ka ci karo da su a tebur, a gurguje. Aji, wato sana'ar jarumi irin mayaƙi ko matsafi, 12 ne a duka biyun, amma sabon kowane aji reshe huɗu, 48 kenan, tsohon 40, kuma yanzu kowa a lebul 3 yake zaɓar reshe, da kuwa kilarik da walok tun lebul 1 ake tilasta maka zaɓi alhali ko wasan ba ka gane ba tukuna. Shan maganin ƙara jini ya koma ƙaramin aiki, wanda ake yi ƙari a kan babban aikin layinka, ba sai ka ɓata layinka gaba ɗaya ba. Tsafin warkarwa ya ninka, Cure Wounds daga 1d8 ya koma 2d8, wato daga dayis ɗaya mai fuska 8 zuwa biyu, Healing Word daga 1d4 ya koma 2d4. In an yi muku kwanton ɓauna ba a cinye muku zagayen farko, kawai wajen jefa dayis ɗin wa zai fara ne za ka ɗau ƙarami. Gajiya ma an sauƙaƙa, kowane mataki ragin biyu a duk jifan d20 da ragin ƙafa 5 a gudu, mataki na shida mutuwa, ba sai ka haddace tebur ba. Sannan akwai ƙamus na dokoki a bayan littafin jere bi da bi, in gardama ta tashi kan kokawa ko ɓuya minti ɗaya an duba an ci gaba.

Na 2014 kuma, toh, yana aiki. Shekara goma mutane suka yi suna wasa da shi, ba zan ce ba shi da amfani ba, nawa yana kan kanta ba na sauko da shi sai wani ya nace yana son matsafin da ke tada matattu ko kilarik na hadari da tsawa, don a can matsafi makaranta takwas gare shi kilarik bakwai, sabon ya rage su zuwa hurhuɗu. Rabin-elf da rabin-ok ma can kaɗai za ka same su.

Ba wai sabon ba shi da inda yake ba ni haushi ba. Ɗaure maki da asali ya kawo wata matsalar, misali kana son mayaƙi wanda ya tashi a hidimar ɗakin bauta, asalin nan ƙwaƙwalwa da hikima da kwarjini kawai yake bayarwa, babu ƙarfi, sai ka ga ana tura ka soja ko manomi ko ba shi ne labarin da ke ranka ba. Maganinsa yana cikin littafin amma mutane ba sa lura: akwai ɗan akwati da ya ce in ka ɗauko asali daga tsofaffin littattafai kai za ka raba ƙarin makin inda kake so ka zaɓi baiwar farawa, in kuma tsohon jinsi ka ɗauko sai ka watsar da ƙarin makinsa. Yi magana da mai jan wasanku, yawanci ba sa hanawa. Masu faladin kuma su sani Divine Smite, ƙarin ɓarnar da suke sa wa saransu, ya zama tsafi mai cin ƙaramin aiki, sau ɗaya a layi, ba kamar da ba da ake zuba shi a kowane sara, na san waɗanda har yau ba su huce ba. Kuma faɗa yana ɗan ƙara tsawo in kowa na kayarwa ana ta jefa dayis na kariya.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka dakata: in teburin da za ka shiga mai jan wasan ya ce shi dokokin 2014 yake bi, to bi shi, kar ka je da jarumin 2024 ka zauna cikin masu tsohon, za ka fi su ƙarfi a fili kuma rigima ce za ta biyo. Tambaye shi kafin ka tura kuɗi. In ku ne za ku kafa teburin daga farko babu wata magana, sabon. Tsofaffin labaran da aka buga irin su Curse of Strahd duk suna tafiya da shi ba sai an sake saye ba.

Yanzu maganar da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa, masu sayarwa. Tunda sunan littafin ɗaya ne akwai waɗanda suke da ragowar tsohon a ajiye, su sa hoton sabon a talla, kaya ya iso ka buɗe ka ga na 2014, ka kira su ce ai duk ɗaya ne. Kafin ka biya ka ce a ɗauko maka bidiyon littafin a hannu. Tsohon a bangonsa basamuden wuta ne ƙato, shafi 320, sabon diragon ne ruwan zinare tare da jarumai, shafi 384, a Satumba 2024 ya fito. In kana son ka tabbatar ka ce a buɗe maka teburin makamai, in babu layin Mastery a gefe tsoho ne. Akwai kuma na jabu da ake bugawa a ɓoye, bango mai laushi ko hotuna sun dushe, gam ɗin ya saki bayan wata ɗaya, na gaskiya bangonsa mai tauri ne kala ko'ina. Kuɗinsa a Amurka lokacin da ya fito a 2024 wajen dala 50 ne kafin kuɗin kawowa, don haka duk wanda ya ce maka sabo dal a leda kan rabin wannan ka san akwai lauje cikin naɗi. Masu cewa turo kuɗi in tura maka PDF na asali a WhatsApp ko Telegram kuwa ƙarya suke, kamfanin ba ya sayar da littafin nan a PDF, na waya a D&D Beyond yake, shafin kamfanin na intanet. In da hali ka biya bayan kaya ya iso hannunka, ko ka bi ta wani da ka sani zai dawo daga waje.

In kuɗin bai cika ba tukuna kar ka zauna jira, dokokin farawa na 2024 suna nan kyauta a D&D Beyond, aji 12 ɗin duka da reshe ɗaya ɗaya, sun ishe ka haɗa jarumi ka buga lebul da yawa. Sai ka nemi dayis saiti mai guda bakwai, ka ƙirga da kanka, d4, d6, d8, d10 biyu, d12 da d20, don shi ma ana rage ɗaya a ɗaure leda. Jarumin farko kuma ka ɗau mayaƙi, asalin soja ko manomi, ka karɓi kayan farawa na farko da littafin ya jera, sulken sarƙa da babban takobi da sauran, makamai ukun da ke ciki su za ka zaɓa a ƙwarewarka. In ka cika takardar ka ɗauko hotonta ka turo nan mu duba maka lissafin kafin ranar zama.