Yamaha Pacifica 112V: jitar da nake ɗauka idan ban san irin kiɗan da za a nema ba

Makaɗin jita da ke bin mawaƙa daban-daban ba shi da damar cewa shi kiɗa iri ɗaya kaɗai yake yi. Yau mai reggae ne zai kira ka, gobe mai waƙar soyayya da ke son sauti siriri garau, jibi wani matashi ya zo da waƙar rock yana so jita ta yi gurnani har ƙirji ya ɗauka. Mai hali sai ya sayi jita uku ya huta. Ni dai guda ɗaya nake rataya, Yamaha Pacifica 112V, kuma ita nake nuna wa duk wanda ya zo koyo wurina ya tambaye ni da wacce zai fara.

Gangar jikinta katako ne tsantsa, babu kogo a ciki irin na jitar da ake kaɗawa ba lantarki. Idan ba ka jona ta da amfilifaya ba, ɗan ƙis-ƙis kawai za ka ji. Amfanin rashin kogon yana fitowa ne idan aka ƙure ƙara: jita mai kogo takan kama sautin lasifika ta mayar da shi, sai ka ji ta ɓarke da kuwwa a tsakiyar waƙa, ita kuwa wannan sai ta tsaya cik, kuma sautin tsirkiya ya daɗe yana tafiya kafin ya mutu. Katakon alda aka yi ta da shi, irin wanda kamfanin Fender ya daɗe yana amfani da shi a jitarsa Stratocaster. Siffar ma daga can ta samo asali, kowa ya kalle ta zai gane jikar Stratocaster ce ta 1954, sai dai ƙahonninta sun ɗan fi tsawo da tsini. An zana jerin Pacifica ne a Kalifoniya ta Amurka, a sashen Yamaha na ƙera jita, inda Rich Lasner da Leo Knapp suka yi aikin, aka fito da su a 1990. Samfurin 112 ya biyo baya a 1993, a lokacin da jitocin masu koyo da dama filawud ne aka shafe da fenti. An fafe bayanta daidai inda take haɗuwa da ciki, an kuma zaftare gaban inda damtse ke sauka. Sai ka yi awanni a tsaye da ita kafin ka san darajar wannan fafewar.

Abin da ya sa nake kiranta mai fuska da yawa yana ƙarƙashin tsirkiyoyi, wato fikof ɗinta guda uku. Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ya haifar da ɗan ƙaramin lantarki, shi ne amfilifaya ke ɗagawa ya zama sauti. Na kusa da wuya da na tsakiya masu naɗi ɗaya ne, na kusa da jaki kuma, inda tsirkiyoyi ke hawa a gangar jita, hambaka ne mai naɗi biyu. Duk ukun da maganaɗisun Alnico V aka yi su.

Mai naɗi ɗaya yana da haske da kaifi, kana jin kowace tsirkiya daban, har ƙarar taɓawar yatsa. Aibinsa shi ne yana kama lantarkin da ke yawo a ɗaki, na wayoyin bango da fitilu da taransifoma, sai ka ji wani "hmmm" yana bin bayan kiɗan. Wannan matsalar ce Seth Lover ya magance wa kamfanin Gibson, ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna ta yadda ƙugin da ɗaya ya kama ɗayan zai kashe shi, aka fara sa shi a jitar kamfanin mai suna Les Paul a 1957. Ƙugin ya tafi, amma sautin ma ya canza, ya yi kauri da nauyi, ya rage kaifi. Tun daga nan makaɗa suka rabu gida biyu, kowa da abin da kunnensa ke so. Pacifica ta ɗauko daga kowane gida ta ajiye a jiki ɗaya.

Makunnin zaɓen fikof yana da matsayi biyar, kuma ba duka nake ƙauna daidai ba.

Idan ka tura shi can gaba wajen wuya, fikof ɗin wuya kaɗai ke aiki. Nan ne gidan blues da waƙoƙi masu sanyi. Sautin zagayayye ne, mai ɗumi, amma bai dushe ba. Idan na ja tsirkiya ta biyu sama a kan firet na takwas (firet su ne siraran ƙarafan da aka jera a wuyan jita) na riƙe ta ina ɗan girgiza yatsa, sai sautin ya fito kamar muryar mutum da ke jan baiti. Na rage maɓallin ton, mai rage kaifin sauti, zuwa rabi, sai ga abin da zai wadatar a waƙar jazz, duk da cewa ba zai kai taushin babbar jita mai kogo ba.

Matsayi na gaba da shi, inda na wuya da na tsakiya ke aiki tare, shi ne wanda na fi zama a kai. Fikof biyun suna ɗaukar girgizar tsirkiya daga wurare biyu, wani sashe na sautin ya kashe wani, abin da ya rage sai ya fito siriri, fayau, da ɗan "kwak" a kan kowane bugu. Gwada shi a kiɗan reggae: ka danne tsirkiyoyi uku na ƙasa, ka sare su da fik, ɗan abin da ake riƙewa a yatsu ana buga tsirkiya, ka sassauta yatsun hagu nan take don sautin ya yanke. Wannan "cak, cak" ɗin yana zama a gurbinsa tsakanin ganga da bes, ba ya danne muryar mawaƙi, ba ya kuma ɓata a cikin taron kayan kiɗa. Haka yake a funk. Abin sha'awa, wannan sautin ba da gangan aka ƙirƙiro shi ba. Stratocaster ta farko makunni mai matsayi uku gare ta, makaɗa ne suka gano cewa idan suka maƙale shi a tsakanin matsayi biyu wani sauti na daban na fitowa. Sai a 1977 Fender ya mayar da makunni mai biyar ya zama na dindindin.

Na tsakiya shi kaɗai ba kasafai nake tsayawa a kansa ba. Yana da kyau wajen share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya a bayan mawaƙi, iyakarsa ke nan a wurina.

Sai hambaka. Ka dawo da makunni baya gaba ɗaya, ka taka fedal ɗin distoshan, wato na'urar da ke sa sauti gurnani, jitar sai ta zama wata daban. Tsirkiyoyi biyu na sama masu kauri, idan ka ɗora gefen tafin hannunka a kansu kusa da jaki kana bugawa, suna ba da "jum-jum" mai nauyi wanda ba ya wargajewa. Kuma shiru ne tsakanin bugu da bugu, babu ƙugin nan. Ba hambaka ne mai zafi sosai ba, kuma hakan ya fi mini, domin ko da distoshan ana iya rarrabe tsirkiyoyin da ke cikin kod, wato waɗanda aka kaɗa tare. Mai son metal na zamani, wanda ake sassauta tsirkiya ƙasa sosai, zai so wanda ya fi wannan cizo.

Akwai kuma wata dabara da aka ɓoye a maɓallin ton. Idan ka kama shi ka ja sama, zai yi ɗan "ƙwas", ya kashe naɗi ɗaya daga cikin biyun hambaka, ya bar shi a matsayin mai naɗi ɗaya. Nan take kaurin ya zube, kaifi ya dawo. A tsakiyar waƙa nakan yi baiti da shi a jawe, sauti garau, idan amshi ya zo na danna shi ƙasa da gefen hannu sai ƙarfin ya dawo, ba tare da na taɓa amfilifaya ba. Gaskiyar magana, hambakan da aka raba ba ya zama daidai da ainihin mai naɗi ɗaya na Stratocaster ko Telecaster, wata jitar Fender. Ya fi shi rauni, ƙarar ma takan ɗan sauka, haka abin yake a kusan kowace jita mai wannan tsarin. Amma idan ganga da bes da piyano suna tafiya, bambancin ba ya kai wa kunnen mai sauraro, kuma idan ka haɗa rabin hambakan da fikof na tsakiya za ka sami wani "kwak" ɗin mai kaifi fiye da na wajen wuya.

Ina yawan gaya wa masu koyo cewa maɓallin ƙara ma kayan kiɗa ne. Yawancinsu sukan murɗe shi zuwa ƙarshe su manta da shi. Ka saita amfilifaya ya ɗan fara gurnani, sannan ka rage ƙarar daga jikin jita kaɗan-kaɗan da ƙaramin yatsa, za ka ji gurnanin yana wankewa har sautin ya koma kusan garau. Ka mayar, ya dawo. Pacifica na amsa wannan wasan da kyau, musamman a kan hambaka.

Wuyanta na katakon mefil ne, an ɗaure shi da kusoshi huɗu a gangar jiki, an shimfiɗa rozwud a fuskar da yatsu ke takawa, da firet 22. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki inci 25.5 ne, wato milimita 648, irin na Fender. Na Les Paul inci 24.75 ne. Bambancin bai kai inci ɗaya ba, amma yatsa na jinsa: a nan tsirkiya ta fi tauri kaɗan, sautin kuma ya fi tsayawa ƙyam. Wuyan siriri ne, bayansa ba mai sheƙin fenti ba ne, saboda haka ko hannu ya yi gumi ba ya kamewa. Fuskar ta fi ta tsofaffin Fender shimfiɗuwa, shi ya sa za ka iya sauke tsirkiyoyi kusa da firet ka kuma ja su sama ba tare da sautin ya shaƙe ba. Wani yaro da nake koya wa, hannunsa ƙarami ne, ya daɗe yana fama da kod ɗin F a kan wata jita mai kaurin wuya. Da na miƙa masa wannan na ce, "Ƙanena, sa yatsanka daf da ƙarfen, kada ka matse da ƙarfi," sai ga tsirkiyoyi shida sun fito tas. Mai manyan yatsu kuwa zai iya jin wurin ya yi masa ɗan matsi a kusa da kai, don haka ya kamata ya riƙe ta a hannu kafin ya yanke shawara.

Jakinta tiremolo ne irin na da, wato jaki mai motsi da ake dannawa da sanda, mai kusoshi shida a gaba da sifirin a baya cikin gangar jiki. An yi shi ne don ɗan lanƙwasa sauti a ƙarshen kod, a sa shi ya yi rawa a hankali. Duk tiremolon da ba shi da makulli, a kowace jita yake, idan ka danna sandarsa har ƙasa da ƙarfi saiti zai goce, galibi a tsirkiya ta uku. Dalili shi ne tsirkiyar tana maƙalewa a tsagin da take bi ta kai, ba ta komawa inda take. Ka goga bakin fensir a cikin tsagin duk lokacin da ka canza tsirkiya, ka kuma ja sababbin da hannu su miƙe kafin ka saita, matsalar za ta ragu ƙwarai. Wanda ba ya amfani da sandar sam, ya buɗe murfin baya ya ƙara ɗaure sifirin har jakin ya kwanta a jikin katako. Haka nawa yake yawancin lokaci, kuma ko tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran ba sa gocewa.

Wani abu da nake roƙon duk wanda ya sayi sabuwar jita, wannan ko wata: ya kai ta wurin wanda ya iya saiti. Katako na motsi da zafi da laima, kuma jita takan yi doguwar tafiya daga masana'anta kafin ta iso hannunka. A duba lanƙwasar wuya, a daidaita tsayin tsirkiyoyi, sannan a gwada firet na 12. Sautin da ke nan dole ya zama daidai da na tsirkiyar a sake, sai dai ya fi shi tsayi da zango ɗaya cif. Idan ya haura ko ya gaza, akwai ɗan kusa a bayan kowace tsirkiya a kan jaki da ake murɗawa har ya daidaita. Masu koyo da yawa suna zargin kunnensu ko yatsunsu alhali wannan ɗan aikin ne ba a yi ba. Ni nakan sa mata tsirkiyoyi masu lambar kauri 10 zuwa 46 don sautin ya ƙara cika, amma mai farawa ya tsaya a 9 zuwa 42 har kan yatsunsa su yi kanta.

Wanda ya riga ya san sauti ɗaya yake nema a rayuwarsa, kaurin Les Paul zalla ko kaifin Telecaster zalla, gara ya tafi kai tsaye ga wannan ɗin, domin Pacifica za ta kai shi kusa ne kawai. Wanda kuma bai gama sanin inda kunnensa zai zauna ba, ko wanda aikinsa ke sa shi sauya kiɗa sau da yawa a zama ɗaya, ban san jitar da zan sa a gabanta a ajinta ba. Idan ka je gwadawa, ka roƙi a jona maka ita a amfilifaya ba tare da wani fedal ba, ka kaɗa abu ɗaya da ka iya sosai a kowane matsayi na makunnin, sannan ka ja maɓallin ton sama ka sake bi ta na baya guda biyu.