Shagon suyan nan na Yelwa: dankalinsu ya yi, amma hayaƙin kicin ya dame ni

Masu tambayan inda ake samun cips da soyayyiyar doya mai kyau a Bauchi, akwai wani ɗan shago a Yelwa, wata Hajiya ce ke da shi da yaranta mata, rumfa ce da bencina kawai, bayan la'asar suke ɗora kasko har bayan isha'i.

Abin da ya sa nake komawa shi ne yadda suke yi da dankalin turawa. Tun da rana ake fere shi a yanka a zuba a baho da ruwa ya jiƙa, sai an zo suya a tsane a kwando, kuma Hajiya ba ta barinsa ya yi jawur, yana fara ɗaukan kalan gwal take sa matsami ta kwashe, in wani ya ce Hajiya a bar min nawa ya ƙara soyuwa sai ta ce "ɗana wannan ya nuna, in ya wuce haka ɗaci zai yi". Man ma ba baƙin nan da ya gaji da suya ba ne, kana hango ƙasan kaskon ta cikinsa.

Ni wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajena, saboda akwai wani sinadari akirilamaid da ke fitowa a abinci mai sitaci, dankali, doya, burodi, in zafi ya haura digiri 120, kuma iya yadda abu ya yi duhu a wuta iya yawansa. A 2002 masana a Suwidin suka gano shi a abinci, amma tun 1994 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa, don an ga haka a jikin ɓeraye. Jiƙa dankali na minti 15 zuwa 30 da kwashe shi da wuri duk suna rage shi, dafaffe kuwa ba ya fitar da shi. To Hajiya don ɗanɗano take yi, amma ta dace.

Kada dai wani ya tsorata ya ce cips zai sa masa kansar huhu, binciken da aka yi a kan mutane bai nuna wata alaƙa tabbatacciya tsakanin akirilamaid na abinci da kansar huhu ko maƙogwaro ba. Sigari ce babbar matsala, shi kansa sinadarin yana cikin hayaƙinta, mai shan taba yakan ninka wanda ba ya sha kamar sau 3 a jini.

Inda ban ji daɗi ba wallahi shi ne bayan shagon. Murhun itace ne a lungu an zagaye da langa-langa ba taga, yarinyan da ke kan tanda idonta ya kaɗa tana goge hawaye da gefen hijabi tana tari tana juya masa, kuma kullum haka take fama. Hayaƙin itace a cikin ɗaki da tururin mai mai zafi sosai, hukumar nan matakin da ta ba akirilamaid shi ta ba su. Mu da muke saye mu wuce da sauƙi, su ne abin tausayi. Na ce Hajiya don Allah ko falle ɗaya a cire iska ta shiga, ta ce in sha Allah bayan damina.

Masansu da miyan taushe ma ba laifi, yajin ne dai ya ɗan yi gishiri. Farashi daidai talaka. In za ku je ku je kafin magariba, bayan nan layi ya yi yawa kuma ba wajen ajiye mota sai mashin.